Malam Dirakula

A Amurka akwai ma'aikatan laburare da suka mayar da tsorata jama'a wani ɓangare na aikinsu, kuma ana biyansu albashi a kai. Ƙungiyar marubuta labaran ban tsoro ta can, wadda aka kafa tun 1985, ita ce ke ba da lambar yabo ta Bram Stoker kowace shekara. A 2019 ta haɗa kai da masu laburare suka fito da wani shiri mai suna Summer Scares, wato firgicin bazara. Tsarin ba shi da wuya: duk shekara kwamiti ya zauna ya zaɓi littattafai 9, wato 3 na manya, 3 na matasa, 3 na yara, a aika wa ɗakunan karatu sunayensu tare da jagorar yadda za a tattauna su, marubutan kuma su amince a gayyato su hira da masu karatu. Wata ma'aikaciyar laburare ta jihar Ilinoi, Becky Spratford, littafi guda ta rubuta a kan yadda za ka haɗa mai karatu da irin tsoron da ya dace da zuciyarsa, har an yi masa bugu na uku a 2021.

Duk wannan a waya na karanta shi, ina zaune bayan teburin aro na ɗan ƙaramin laburarenmu, inda waɗanda suka shigo tun safe wani caji ya kawo shi, wani kuma barci. Nan take na ga hanyar da za mu cika kujeru.

Ni kuwa duk gidanmu an san ni. Ina yaro ba na fita fitsari da dare sai da ɗan rakiya, kuma ɗan rakiyar ƙanena ne. Yanzu da nake da iyali, in aka ji motsi a tsakar gida uwargida ce ke ɗaukar tocila, ni in tsaya daga ciki ina ba ta ƙwarin gwiwa. Amma na lallashi kaina da cewa mai sayar da barkono ba dole ne ya iya cin yaji ba.

Na sami shugabanmu a ofis.

"Yallaɓai, shiri nake so mu yi na labaran ban tsoro."

Ya sauke tabarau. "Tsoro? Wa za a ba?"

"Masu karatu, ranka ya daɗe."

"Wanda suke da shi ya ƙare ne? Mutum ya je kasuwa ya ji farashin kwanon shinkafa, ya bi hanyar Birnin Gwari ya dawo da ransa, shi za ka zaunar ka ƙara masa?"

Da shirina na je. Na ce masa a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai cibiya guda da ba ta da aiki sai nazarin tsoron da mutane ke nema da kansu don nishaɗi, ƙarƙashin wani malami Mathias Clasen. Na ce har bincike aka wallafa a 2021 da ya nuna masu son finafinan ban tsoro sun fi jure fargabar zamanin korona. Dalilin da ake bayarwa shi ne, tsoron littafi tsoro ne mai murfi: in ya yi maka yawa ka rufe, ka sha ruwa, ka dawo. A hankali zuciya na koyon yadda za ta riƙe kanta.

Yallaɓai ya yi shiru, sannan ya ce, "Su tsoron ne ya yi musu ƙaranci har suke saye. Je ka yi. Amma ko sisi ba ni da shi."

Abin farko a irin wannan shiri shi ne a ware kanta guda kusa da ƙofa, a jera littattafan bangonsu na kallon mai shigowa, don littafin da aka cusa a gefe tsakanin 'yan'uwansa ba mai ganinsa. Sai na shiga farauta. Na samo Dracula na Bram Stoker, ɗan Ailan, wanda ya fito a 1897, amma taƙaitacce irin na masu koyon Turanci. Na samo Frankenstein, gara ta riga ni karanta babin ƙarshe. Akwai tarin gajerun labaran Edgar Allan Poe da ba a ara ba tun zamanin da ake buga kwanan wata da hatimin roba mai juyawa, wanda har yanzu shi muke amfani da shi. Stephen King, wanda tun Carrie ta 1974 yake hana Amurkawa barci, ko ɗaya babu. Nuzo Onoh, 'yar Inugu, wadda ƙungiyar nan ta Amurka ta ba lambar girmamawa ta aikin rayuwa a 2023, ita ma babu. 'Yar ƙasarmu ce, a can ana yi mata tafi, a nan ko sunanta ba mu da shi a kati.

Abin da ya cece ni shi ne kantocin gida. Ga Amos Tutuola da littafinsa na dajin fatalwa na 1954. Ga D. O. Fagunwa da labarin maharbin da ya kutsa kurmin iskoki, wanda ya rubuta da Yarabanci a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968. A kantar Hausa kuwa, lamba 893.72 a tsarin Dewey na jera littattafai, ga Ruwan Bagaja, ga Ganɗoki, ga Jiki Magayi, dukkansu 'ya'yan gasar nan ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Ba wanda ya taɓa kiransu littattafan ban tsoro, amma ka duba: biyu daga ciki sai da jaruminsu ya taka ƙasar aljanu, na ukun kuma mutum ne ya bar garinsu yana neman sihirin da zai rama cuta da shi.

A nan muka yi karo da Hajiya mai kula da katalog, wadda ta fara aiki a gidan tun ina firamare. Shi Dewey ya raba abubuwa yadda hankalin Ba'amurke na ƙarni na 19 ya ba shi: fatalwa da makamantansu a 133, tatsuniya a 398.2, Musulunci a 297. Aljani kuwa ko'ina yana da rabo. Na ɗauko wani littafi a kan aljanu daga 297 zan kai kantata, Hajiya ta riƙe hannuna.

"Ɗana, ina za ka da shi?"

"Kantar ban tsoro, Hajiya."

"Kantar ƙagaggun labarai? Wannan ƙagagge ne? Sura guda Allah ya saukar da sunansu. Mayar da shi."

Na mayar. Da ina da hankali, da tun a lokacin na gane inda shirin nawa zai yi tuntuɓe. Baturen da ke sayen littafin fatalwa galibi bai yarda akwai fatalwa ba, hayar tsoron yake yi na dare ɗaya ya mayar. Mu kuwa muna bismilla kafin mu zubar da ruwan zafi, muna hana yara zama bakin ƙofa da almuru, ba ma ratsa gindin tsamiya da tsakar rana sai dole. Abin da wancan ke karantawa don nishaɗi, mu maƙwabci ne da ake zaman lafiya da shi bisa sharuɗɗa.

Sai maganar lokaci. Su can suna da bazararsu, suna da daren ban tsoro na 31 ga Oktoba. Ni na zaɓi hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari. Na so a yi da rana, aka tuna mini cewa mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake a kasuwa sai in ya ɗaure Gizo. Na ce to bayan magariba, iyaye suka ce ba da 'ya'yansu ba. Aka tsaya a bayan la'asar, a tashi kafin kiran salla.

Sanarwa da hannuna na zana: ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, da jan fenti yana ɗiga. Na manna a ƙofar shiga. Ranar ko masu cajin ba su shigo ba, don duk wanda ya hango ya ɗauka feshin maganin ƙwari aka yi, ko wayar lantarki ce ta tsinke. Da na ƙara rubutu a ƙasa cewa za a yi zama a kan mayu da aljanu da fatalwa, wata baiwar Allah ta zo har teburina ta tambaya cikin ladabi ko malamin da zai yi ruƙiyyar yana duba mata daban.

Duk da haka ranar ta zo kujeru sun cika. 'Yan sakandare, 'yan matan Islamiyyar bayanmu, Gwaggo mai awara ta bakin ƙofa wadda ta ce sanyi ya kore ta ciki, da Baba maigadi a kan bencinsa can baya yana jan carbi. Na ga hotunan ma'aikatan can suna shiga irin ta dodanni, don haka na ari baƙar abayar uwargida na yafa a matsayin alkyabbar Dracula. Ina fitowa wani yaro ya ce, "La, Malam ya sa abaya." Daga nan kwarjinin ya tafi, bai kuma dawo ba.

Na rage murya, na fara. Na kai su Taransilbaniya, cikin duwatsun ƙasar Romaniya ta yau. Na shigar da saurayin lauya Jonathan Harker gidan mai sarautar nan da ba ya cin abinci, ba ya fitowa a madubi, yake sauka bangon gidansa kai a ƙasa. Ɗaki ya yi tsit, na ji daɗi. Sai na zo inda ya yi lodin akwati 50 na ƙasar kabari a jirgin ruwa zuwa Ingila.

"Malam, kwastan ba su tare shi ba?"

Na wuce. Na bayyana cewa ba ya iya shiga gidan mutum karon farko sai wani na ciki ya ce masa ya shigo.

"Wato sai ya yi sallama an amsa?" in ji wata yarinya mai farin hijabi. "Ai kuwa yana da tarbiyya. Ya fi samarin unguwarmu."

"Me yake tsoro?" wani ya tambaya.

"Tafarnuwa," na ce, muryata ta fara komawa irin ta kullum.

Gwaggo ta yi dariya har da buga cinya. "Tafarnuwa! To ya zo gidana, ko zaure ba zai wuce ba. Ɗan nan, wannan ai ba maye ba ne, majinyaci ne. Ba ya cin abinci, ba ya son rana, sai kwanciya a akwati."

Yarinyar nan mai farin hijabi ta ƙara da cewa mayen da aka ba su labari a garinsu daga nesa yake kama kurwa, ba ya buƙatar cizo balle ya ɓata rigarsa. A nan dai na tsaya na ce mata a bar maita a cikin labari, don tsofaffi da yawa da ba su ji ba su gani ba an raba su da gidajensu saboda wannan zargin. Ita ce magana ɗaya tak ta mai hankali da na yi a ranar, kuma cikin abaya na yi ta.

Na koma Frankenstein da fatan a rufa mini asiri. Na ba su tarihin: 1816, bakin tafkin Janiba, shekarar da tokar dutsen Tambora na Indunusiya ta lalata wa Turai bazara, ruwa da sanyi suka kulle wasu matasan marubuta a gida, Lord Byron ya ce kowa ya ƙago labarin fatalwa. Ɗaya daga cikinsu, Mary, 'yar shekara 18, ita ta zo da ɗalibin da ya harhaɗa gaɓoɓin matattu ya yi halitta, da ta buɗe ido ya ga muninta ya gudu ya bar ta. Littafin ya fito a 1818. Na kwatanta yadda halittar ke laɓewa jikin bukkar wasu talakawa tana koyon magana, tana yi musu itace da dare, ranar da ta nuna fuskarta suka kore ta da sanda.

Na ɗaga kai in ga tsoro, sai na ga Gwaggo tana share ido da gefen mayafi.

"Allah sarki. Wannan ba dodo ba ne, maraya ne. Uban ne ja'iri. Ka kawo abu duniya ka gudu ka bar shi, ko suna ba ka raɗa masa ba?"

Shekara ɗari biyu masana na cika mujallu kafin su iso nan. Gwaggo tsakanin la'asar da magariba ta iso, kuma ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba.

'Yan matan ne suka ƙarasa ni. Ɗaya ta miƙo waya ta ce, "Malam, in tsoro kake so, ga shi." Ashe tuni suna karanta littattafan Hausa na ban tsoro, shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, wasu sai ka tura kuɗi a saka ka, wasu ana karanta su da murya a YouTube ana saurare ana wanke-wanke. Amaryar da ta tare a gidan da ke da masu shi tun kafin a gina, ɗalibar makarantar kwana da ake kiran sunanta daga bayan taga, kishiya da boka. Jikokin littattafan kasuwar Kano ne da suka bunƙasa tun shekarun 1980, waɗanda laburarori irin namu suka daɗe suna yi wa kallon raini. Na tsaya da Dracula taƙaitacce a hannu kamar wanda ya yi dakon goro zuwa Gwanja.

Don in huta, na ce ko akwai mai labari. Ba wanda ya motsa. Can Baba maigadi ya yi gyaran murya.

"Ni ba ni da labari, Malam. Ƙorafi dai nake da shi, tunda ga Yallaɓai a zaune."

Ya ce a ɗakin jaridu na can ƙurya, inda muke ajiye tsofaffin kundayen Gaskiya Ta Fi Kwabo, akwai mai zuwa karatu da dare. Shi da hannunsa yake kulle ɗakin, shi yake buɗewa. Amma yakan tarar da kundi guda a buɗe a kan tebur, kullum a shafi ɗaya, shafin da ke da sanarwar rasuwa. In dare ya raba yana jin ana juya takarda a hankali, irin juyin mai lasar yatsa. Wani lokaci a yi tari.

Bai rage murya ba, bai zaro ido ba. Yadda ake ba da rahoton famfo ya lalace haka ya faɗa.

"Ni ba ya damuna," in ji shi. "Shekara da shekaru muna tare. Abin da nake so a gaya masa kawai, in ya gama ya riƙa mayar da kujera."

Ba wanda ya yi dariya. Wani yaro ya matsa jikin yayansa. Ni kuwa na tuna sau nawa na zauna a wannan kujerar ina cin ɗumame.

Daidai nan aka ɗauke wuta.

Mun ja lokaci ba mu sani ba, hazo ya riga ya cinye sauran hasken. 'Yan mata suka yi salati. Daga cikin duhu na ji muryar Yallaɓai, a natse: "Malam, fitilar caji tana ɗakin jaridu. Ɗauko mana."

Ina da hanyoyin kuɓuta da yawa, amma duk sai da na fita daga taron suka zo mini. Mai shiri ne ni, ga yara na kallo, ga alkyabba. Na karɓi makulli a hannun Baba, ya ce, "Ka yi sallama." Na kunna tocilar waya na bi lungun. Na kama Ayatul Kursiyyu, ban san inda na sauka ba sai ji na yi ina addu'ar shiga kasuwa. Na buɗe ƙofa. Na yi sallamar, kuma Allah ya sani da an amsa da a nan za a yi jana'izata. Kundi na kan tebur. A buɗe ko a rufe, kada a tambaye ni, don ban tsaya dubawa ba. Na miƙa hannu kan kabad ina lalubar fitila, sai wani abu mai sanyi, mai fata, ya faɗo daga silin ya shafi kuncina ya yi fiffike.

An ce ihun da na yi har masu alwala a masallacin tsallaken titi sun ji. An ce "Inna" na kira, ni dai ban tuna ba. Na juyo da gudu, abaya ta harɗe ni, na tashi, ta sake harɗe ni, na iso gaban jama'a da rarrafe, takalmi ƙafa ɗaya, babu fitila, babu waya. Ashe jemage ne, ya biyo bayana ya zaga ɗakin sau ɗaya ya fice ta taga.

Yaron nan mai maganar kwastan ya ce, "Malam, ga Dirakulan naka can ya tafi. Ko sallama bai yi ba."

Gwaggo ce ta je ta ɗauko fitilar, da wayata, da takalmin.

Washegari na zo aiki da niyyar sauke kantar tun kafin kowa ya gan ni, na tarar da layi. Labari ya zaga makarantu cewa a laburare akwai littafin da ya sa babban mutum rarrafe. Dracula taƙaitacce, wanda ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, sai da muka buɗe masa takardar jira. Masu jiran suka riƙa ɗaukar Tutuola da Ruwan Bagaja don rage zaman banza, wasunsu suka dawo neman Fagunwa. 'Yan matan suka kawo shawarar a riƙa zana barkono a gefen kowane littafi, ɗaya ga mai sauƙi, uku ga mai hana barci, suka kuma rubuto jerin littattafan Hausa da suke so a sayo. Yallaɓai ya karɓa ya ce sai kasafin baɗi. Kafin nan muka ajiye babban littafin rubutu a kan kantar, duk mai labarin da ya ji a gidansu ya rubuta, wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa. Ya kusa cika. Hajiya ta ƙi ba shi lamba, ta ce rabinsa na 398 ne, rabin kuma ba za ta ɗauki alhakin cewa ƙarya ne ba.

Na tambaye ta maganar ɗakin jaridu. Ta ce gilashin tagar ya fashe tun tuni, iskar hunturu ce ke juya takarda, kundin kuma ɗinkinsa ya saki a wannan shafin shi ya sa yake buɗewa a nan. Na ji sanyi a raina. Na ce, "To kujerar fa, Hajiya?" Ta ce tana da aiki.

Yanzu daga bakin titi har kasuwa Malam Dirakula ake kirana, har uwargida in ta so tsokana, ita da ta ce in biya kuɗin ɗinkin abayarta. Yallaɓai ya sa shirin a jadawalin kowane wata, ya kuma naɗa ni shugaban kwamiti. Baba maigadi ya tare ni ya ce a ba shi fili a zama na gaba, yana da wani ƙorafin da ya fi wancan, a kan banɗakin ma'aikata. Na roƙe shi ya bari sai ranar. Ya ce to, amma kafin nan in zan shiga in riƙa ƙwanƙwasawa.